Gansakuka a Gonar Aro

Gefen zanenta na fara lura da shi. Tun da Iya Hadiyya ta dawo Yasore da zama, duk zanen da ta ɗaura da bazara sai ka ga wani koren zobe a ƙasansa, daidai ƙwauri, irin wanda sabulu ba ya fitarwa. A bazarar da ta wuce ta shigo gidanmu gaisuwa, ta zauna a tabarmar mahaifiyata ta miƙe ƙafa, sai na ga gefen zanen fes. Matan da ke tsakar gida hirar tafkin bayan gari suke yi, yadda ruwansa ya yi garau har kana hango yashin ƙasa. Kowa na cewa alhamdulillahi. Ita ma ta faɗa tare da su, tana murza yatsunta kamar mai neman wani abu da ya saba maƙalewa a tsakaninsu.

Iya Hadiyya ƙanwar kakarmu ce ta wajen uwa. A Tsaskiya ta ƙasar Safana aka haife ta, can ta yi aure, can ta haifi 'ya'yanta. Mijinta, marigayi Jinjiri, manomi ne mai shanu. Ba wani garke ne na a zo a gani ba, amma ya isa a tatsa, a yi huɗa, a kuma cika gona da taki. Ita ce mai kula da madara. Har yau idan tana ba da labarin wancan zamani ba ta ambaton shekara da lamba, sai dai ta ce shekarar da jar saniya ta faɗa rijiya, ko shekarar da aka yi tagwayen maruƙa.

Ɓarayin daji suka kora shanun duka a rana guda. Jinjiri bai daɗe ba bayan haka. Ɗansu Haliru ya kwaso ta da matarsa da yaransa ya kawo su Yasore, ya samar musu ɗaki biyu a gefen gari, shi kuma ya tafi kudu neman abin yi. Yana aikowa idan ya samu. Idan bai samu ba, abin da tsohuwar ta noma shi ne a tukunya.

Mahaifina, Malam Tayyib, shi ya yanka mata wani sashe na gonarsa ta gabas, aro. A wajenmu gonar aro ba ta da takarda, taki ne shaidarta. Kafin ruwa ya sauka, wanda aka ba aro zai jera tsibin taki a cikinta, duk mai wucewa ya gani ya san tana hannun wani. Shekarar da aka ga gona babu tsibi, an san mai aro ya sake ta, mai ita kuma zai iya ba wani ba tare da an yi ka-ce-na-ce ba. Wannan al'ada ta fi yi wa mutanen nan biyu amfani fiye da kowa, domin Iya surukar mahaifina ce. Idan ya hango ta yakan tuɓe takalmi ya durƙusa tun daga nesa, ita kuma ta kau da kai ta amsa wa bango. Ba ta kiran sunansa, ba ya kallon idonta. Shi ba zai iya buɗe baki ya ce mata yana son gonarsa ba, ita ma ba za ta iya cewa a bar mata ba. Tsibin taki ne ke yi musu magana duk shekara.

Sai dai matar da ba ta da ko akuya, ina za ta samu taki? Shekarar farko sharar gida da toka ta kai, gero ya fito siriri kamar tsintsiya. A rani na biyu tana wanki a bakin tafki ta lura da cewa duk inda ruwa ya janye ya bar gansakuka ta bushe a kan laka, nan ciyawa ta fi kauri idan damina ta dawo. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta nemo doguwar sanda ta shiga ruwa.

A lokacin tafkin cike yake da ita. Burtali ne ke gangarowa ta arewacinsa, shanun gari da na Fulani duk nan suke sha, su tsaya a cikin ruwan har ciki, balbela na bin su. Da rani ya yi nisa sai gansakuka ta rufe rabin tafkin, koriya shar, mai silili kamar gashi. Iya takan tsaya a ruwa iya ƙwauri ta zura sandar, ta riƙa juyawa, gansakukar na naɗuwa a jiki kamar zare a mazari. Idan sandar ta yi nauyi sai ta fito ta zare ta a kan wani falalen dutse, ta baza da hannu. Rana ta busar da ita ta zama kamar tsohon bargo. Shi take yayyagawa ta gauraya da toka da ɓawon gyaɗa da sharar tsakar gida, ta ɗauka a buhu a ka zuwa gona.

An yi mata dariya, ba kaɗan ba. Yayana Almustapha ma yana cikin masu yi, ko da yake shi da hujjarsa, don jika ne, wasa tsakaninsu halal ne. Tun yana yaro take kiransa angonta.

"Amarya, yau ma miyar kuka za a kaɗa mana?" in ji shi, idan ya wuce a kan babur.

"Ita ce, angona. Ka zo da cokalinka, tun da ba ka iya cefane ba."

Geron shekarar bai kai na masu shanu ba, amma ya fi na bara, wake kuma ya yi. Daga nan aka daina dariyar, aka saba da ganinta a ruwa kamar yadda aka saba da ganin masu wanki.

Ni a wannan lokaci ina zuwa ne kawai da hutu daga jami'a, inda nake karanta ilmin halittu. Nakan ɗauki 'yan kayan wanki in bi ta, in zauna a kan dutse. Abin da take naɗewa a sanda shi muke sa wa ɗigon ruwa mu leƙa a madubin ƙara girma, mu ga kowane silili jeren 'yan ɗakuna ne, kowane ɗaki da koren zare a murɗe a ciki. Gansakuka ba ta da saiwa, ba ta da ganye, ba ta fure. Hasken rana take kamawa, ta haɗa da iska da abin da ya narke a ruwa, ta gina jikinta. 'Ya'yan kwaɗi da ƙananan ƙwarin ruwa su ci ta, kifi ya ci su, tsuntsu ya ci kifi. An koya mana cewa danginta da ke cikin teku, waɗanda ido ba ya gani, su ke samar da kusan rabin iskar da duniya ke shaƙa. Ban taɓa ganin teku ba. Tafkin bayan gari na sani, da tsohuwa a tsaye a cikinsa.

Wata rana ta ce mini, ba tare da ta juyo ba, "Raguwa ce, kin sani. Da sassafe tana can ƙasa kwance. Sai hantsi ya dubi ludayi take tasowa sama, shi ya sa ba ni sammako."

Na ce mata rana ce ke sa ta fitar da iska, 'yan ƙwayoyin iskar su maƙale a cikin sililin su ɗaga ta. Ta ɗebo kaɗan a tafin hannu ta kai kusa da ido, ta ga ƙwayoyin suna ƙyalli.

"To, numfashi take yi ke nan," in ji ta. "Allah mai iko." Ta ci gaba da juya sanda.

Abubuwa biyu suka canja tafkin. Na farko, shanu sun ƙare a gari a hankali. Wasu an sace, wasu masu su suka sayar don tsoro, Fulanin da ke bin burtali suka canja hanya. 'Yan shanun huɗa da awakin da suka rage a turke suke a cikin gidaje, ruwan burtsatse ake ba su. Na biyu, a wani rani tafkin ya ƙafe ƙaf, matasa suka yi gayya suka yashe shi, suka kwashe baƙar lakar da ta taru shekara da shekaru aka buga tubali da ita. Da damina ta cika shi, sai ga ruwa fari tas. Rani ya zo ya yi nisa, ruwan bai canja ba. Mata suka koma ɗiba don wanke-wanke, har da girki idan layin burtsatse ya yi tsawo. Iya Hadiyya ta riƙa zagaya tafkin da sandarta tana leƙa lunguna, ta dawo da ita a bushe.

A wannan shekarar ce kuma aka sa ranar auren Almustapha. Mai shirin ajiye iyali yana bukatar gonarsa, kuma tun da mutane suka daina noma gonakin da ke nesa da gari, ƙasar kusa ta yi wuya. Ba ni mantawa da yadda ya kawo maganar, yana zaune a bakin ƙofar ɗakin mahaifiyata, mahaifina na alwala.

"Ni ban ce a karɓe mata ba, Baba. Amma na bi ta gonar, ko tsibi ɗaya babu. In ba ta samu abin kaiwa ba, ƙasar mutuwa za ta yi a hannunta, ita ba ta ci ba, ni ban ci ba."

Mahaifina ya gama wanke ƙafarsa tukuna. "A bari shamuwa ta zo," in ji shi. Ko'ina a ƙasar nan zuwan shamuwa shi ne sallamar damina. Ya ba Iya daga nan zuwa lokacin, kuma ya san maganar za ta isa kunnenta ba tare da ya aika ba. Shi kansa takin da ke turkenmu bai isa rabin gonarsa ba, balle ya taimaka mata a ɓoye.

Ta isa kunnenta kuwa. Abin da ta yi bayan haka, sai wanda ya san rayuwarta ta Tsaskiya zai gane shi.

A gefen burtsatsen unguwarsu akwai wata 'yar magudana da ruwan da ya zube ke bi, ta wuce wurin da ake shayar da awaki, ta wuce inda mata ke wanke tukwane, ta ƙare a wani ɗan kwari. Can akwai gansakuka, kaɗan, manne da duwatsu. Iya ta kankaro ta a ƙwarya ta kai tafki. Ta zaɓi wani lungu inda iska ba ta kaɗa ruwa, ta yi bisimilla ta juye. Sannan ta yi kwanaki ba ta je wurin ba. Da na tambaye ta daga baya dalilin ƙauracewar, sai ta ce nono ba ya son a riƙa leƙa shi. A ganinta tafki ƙwaryar sabuwar madara ce. Idan ka zuba ɗan tsohon nono a ciki ka rufe ka ba shi lokaci, gaba ɗaya zai kama. An yashe tafki an kwashe irin, to ga iri ta mayar.

Bai kama ba. Da ta koma ta tarar sililin ya koɗe ya yi ruwan ɗorawa, ya narke. Ta ce wataƙila irin ne ya yi kaɗan. Ta ƙara kaiwa, wannan karon a bokiti. A zuwa na gaba ne Adawiyya, matar mai unguwa, ta gan ta. Ina wurin, ina ɗauraye kaya.

"Iya! Me nake gani haka? Ruwan kwata kike juye mana a tafki?"

"Ba ruwan kwata ba ne, ɗiyata. Iri ne."

"Irin me? Mazanmu sun yi gayya sun fitar da ƙazanta, Allah ya ba mu ruwan da za mu sa a tukunya, ke kuma kina bi kina mayarwa?"

Mata suka bar wanki suka matso. Wata ta ce ita dama ta ga tsohuwar nan tana zagaya tafki ita kaɗai tana magana ƙasa-ƙasa. Wata ta ce a bi a hankali, ba a san abin da ke cikin bokitin ba.

Iya ta ajiye bokitin ta dafa ƙugu. "Zo ki leƙa, in laya ce a ciki ki ɗauka, na ba ki. Ni da na ga garke ya fita ƙofa ban yi wa kowa asiri ba, sai a kan ruwan tafki?"

Wasu suka yi dariya, amma Adawiyya ba ta yi ba. Ba muguwar mace ba ce. Ƙaramin ɗanta ya sha fama da gudawa a ranin da ya wuce, kuma ta san daga gurɓataccen ruwa ne.

"Iya, ke uwa ce, ba zan yi sa-in-sa da ke ba. Amma don girman Allah kada ki sake. In na ƙara gani, wallahi sai na faɗa wa Malam."

Ba mai unguwa take nufi ba, mahaifina take nufi. Na ga yadda maganar ta sauka a fuskar Iya. A kai ƙararta wurin surukinta, a kan gonarsa, ya fi mata zagi ciwo. Ta ɗauki bokitin ta tafi.

Na tattara kayana na bi ta. Ni ba gwanar fara zance ba ce, sai da muka kai gindin wata tsamiya ta tsaya gyara ɗankwali sannan na samu na ce, "Iya, ko tafkin duka kika cika da iri ba zai kama ba."

"Don mi?"

Na ce mata iri bai taɓa ƙarewa a tafkin ba. Yana cikin laka, iska na kawo shi, ƙafar tsuntsu na kawo shi. Abinci ne babu. Gansakuka ba ta rayuwa da ruwa da rana kaɗai, sai da abin da ya narke a cikin ruwan, kuma abin da ke ciyar da ta tafkinmu shi ne abin da shanu ke saki idan sun tsaya sha, da wanda ruwan sama ke wankowa daga burtali. An kwashe tsohuwar laka, shanu kuma ba su dawo sun zuba sabo ba.

Ta daɗe tana kallona. Na ɗauka ba ta gane ba, har na fara neman wata hanyar faɗa.

"Tsaya," in ji ta. "Kina nufin duk shekarun nan kashin shanu nake kaiwa gona?"

"Kusan haka, Iya. Ita ce ta tsince shi daga ruwa ta tara miki."

Ta zauna a kan saiwar tsamiyar. Ta yi wata 'yar dariya, sannan ta sa bakin mayafi ta share ido.

"Ni da na ce na rabu da shanu har abada. Ashe suna nan suna yi mini aiki, na wasu ma, ban ko san sunansu ba." Ta dubi bokitin. "To yanzu su ma sun tafi."

A makaranta an koya mana cewa ruwan da gansakuka ta rufe ruwa ne da abinci ya yi wa yawa, kuma idan abin ya wuce kima tana iya shaƙe kifi, wani irinta mai kama da koren fenti ma yakan kashe dabbar da ta sha. Tafki mai tsabta shi ne lafiyayye, haka za ka rubuta ka ci jarrabawa, kuma gaskiya ne. Adawiyya tana da gaskiya. Amma tsabtar tafkinmu ba daga wani gyara kaɗai ta zo ba, daga burtalin da ya zama kufai ta zo. Matan da ke murna da farin ruwa su ne kuma ke kukan babu nono a gari, babu taki a gona. Ban ga wanda ya haɗa biyun ba, ni ma sai a gindin tsamiyar nan na haɗa.

Iya ce ta katse mini tunani. Ta ƙwanƙwasa bokitin da yatsa.

"Wagga da na ɗebo, can mi take ci?"

"Na awaki, da ruwan wanke-wanke."

"To ai can ne tafkina. Na ɗauko ta daga gidan da ake girki na kai ta gidan da ba a hura wuta ba." Ta miƙe, ta koma da bokitin ta juye shi a inda ta ɗebo.

Daga ranar aikinta ya koma magudanar burtsatse. Ba wurin sanda ba ne, ruwan bai kai idon sawu ba. A durƙushe take yi, da sakaina, tana kankara daga kan duwatsu. Ta gane cewa idan ta kwashe duka sai ta daɗe ba ta dawo ba, don haka takan bar kaɗan a kowane dutse, ta bi magudanar sashe-sashe, kafin ta kai ƙarshe farkon ya sake yin kore. Ta nan dai dabarar nono ta yi aiki. Har baƙar lakar ƙasan magudanar take haɗawa. Mata ba su hana ta ba, don ruwan ya daina kwanciya a hanya. Adawiyya da kanta ta aiko mata da tokar murhunta a tsohon kwano, ba tare da wani saƙo ba.

Sai dai magudana ba tafki ba ce. Abin da take samu a yini a da, yanzu sai ta yi mako. Ta fara jera tsibin daga saman gonar, wajen da ƙasa ta fi riƙe laima, tana gangarowa. Ba ta rage girman tsibin don su yi yawa ba, ko da yake Asama'u, matar Haliru, ta ba ta wannan shawara. Ta ce gona ba ta jin wayo, wanda zai zo dubawa ma manomi ne.

Shamuwa ta sauka a kan kukar masallaci tsibin bai kai tsakiyar gona ba.

Washegari da hantsi mahaifina ya ce wa Almustapha ya zo su je gonar gabas. Ni aka ba ruwa a buta in bi su. Mun tarar da Iya a can, ta juye buhun ƙarshe tana karkaɗe shi. Mahaifina ya tuɓe takalmi ya durƙusa daga bakin iyaka.

"Barka da hantsi, Iya. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ya iyali?" Ta amsa tana kallon wata bishiyar gawo.

"Lafiya lau. Ya ƙoƙari?"

"Da godiya."

Gaisuwar ta yi tsawo kamar kullum, babu wanda ya ambaci gona. Sannan ya miƙe ya bi jeren tsibin a hankali. A wani ya tsuguna ya tona da yatsa, ya murza abin a hannu ya shinshina. Da ya kai tsibi na ƙarshe bai tsaya ba. Ya ƙara gaba, kamar faɗin ɗaki, sannan ya sa diddige ya ja layi a ƙasa daga iyaka zuwa iyaka. Ya ce wa Almustapha, ba tare da ya ɗaga murya ba, daga nan zuwa ƙasa ya share.

Almustapha ya kalli layin, ya kalli tsibin ƙarshe, ya ga tazarar.

Iya ma ta gani. Ba ta yi godiya ba, don godiya za ta nuna an yi maganar da ba a yi ba. Sai ta juya ga wanda take da ikon yi wa magana.

"Kai, angon banza. Wasu na kai wa amarya lefe, kai ka zo ka raba gona da tsohuwar matarka."

"Ai maƙwabta muka zama, amarya. Kullum kina ganina."

"Abin da nake gudu ke nan. Ka ja kunnen geronka kada ya leƙo nawa."

Ya yi dariya, amma bai iya haɗa ido da ita ba. Ya ɗauki buhun da ta karkaɗe ya ninke mata.

Abin da ya rage mata bai kai rabin abin da take nomawa a da ba. Ba zai kai su wata kakar ba, ita ma ta sani, sai dai a jira abin da Haliru zai aiko. Amma gonar tana hannunta, kuma duk mai wucewa zai ga tsibin ya san haka. Da muke komawa na sake duban gefen zanenta. Babu zoben nan na ƙwauri. Koren ya koma gwiwa, tabo biyu, na durƙuso.

Da la'asar mahaifiyata ta aike ni da tuwo gidan su Iya. Na same ta a tsakar gida ta fito da fartanyarta, ƙotar ta bushe, ƙarfen fartanyar na girgiɗi. Ta buga shi a kan turmi ya zauna, ta tsoma kan ƙotar a cikin kwanon ruwa don itacen ya kumbura, ta jingina ta da bango.